Marigayi Likita Walter Miller (1872–1952): Baƙon da Ya Ƙi Komawa Gida

Kamar yadda muka saba a kowace fitowa ta wannan mujalla tamu ta shekara-shekara, mukan keɓe wasu shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatan da Allah ya yi amfani da su wajen kafa garinmu na Wusasa. A bana mun ga ya dace mu koma can tushe, mu kawo tarihin mutumin da kakanninmu suke kira Likita Mila, wato Likita Walter Richard Samuel Miller. Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da aka haifa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas sun san sunan kawai, suna jin sa a bakin tsofaffi ranar biki ko ranar jana'iza, amma ba su san abin da mai sunan ya aikata ba, balle irin tsadar da ya biya shi da waɗanda suka bi shi.

Wannan tarihi ya fi shafar 'yan uwanmu mazauna Kano, musamman waɗanda harkokinsu na yau da kullum suke kan Titin Ibrahim Taiwo, daga Kantin Kwari zuwa Fagge har Sabon Gari. Birnin da suke neman abinci a cikinsa, shi ne birnin da aka ba Likita Mila kwana uku ya fita daga cikinsa a shekarar 1900, kuma shi ne birnin da ya koma bayan shekara talatin ya kammala babban aikin rayuwarsa. Za mu kawo labarin yadda yake, da daɗinsa da ɗacinsa, domin wanda aka yi wa ado da yabo zalla ba a iya koyon kome daga gare shi.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Walter Miller a shekarar 1872 a lardin Devon da ke kudu maso yammacin Ingila. Ya yi karatun likita a Asibitin St. Bartholomew da ke Landan, ɗaya daga cikin tsofaffin asibitocin koyarwa na ƙasar. Mai karatu zai lura cewa wannan suna ne majami'armu da makarantarmu ta Wusasa suke ɗauke da shi. Saurayi mai irin wannan shaida a wancan zamani yana iya buɗe ɗakin shan magani a garinsu, ya yi aure, ya tara abin duniya, ya tsufa cikin rufin asiri. Miller ya zaɓi ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS, wadda take ta Ikkilisiyar Anglikan.

A lokacin nan labarin ƙasar Hausa ya fara yaɗuwa a majami'un Ingila. A shekarar 1890 wasu masu bishara biyu, J. A. Robinson da Graham Wilmot Brooke, sun zauna a Lakwaja da niyyar shiga ƙasar Hausa, amma ajali bai bar su ba: Robinson ya rasu a 1891, Brooke kuma a 1892. Daga bisani ɗan'uwan Robinson, wato C. H. Robinson, ya iso Kano a ƙarshen 1894, ya yi 'yan watanni yana nazarin harshe, sa'an nan ya koma gida yana kira ga matasa su zo. Ke nan Miller ya san sarai cewa waɗanda suka riga shi kan wannan hanya kabari suka tarar. Shi kansa da aka fara tura shi Saliyo a 1897, zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, aka mai da shi gida. Bai ɗauki wannan a matsayin alamar ya haƙura ba.

Zaman Tarabulus

Da yake ba a iya shiga ƙasar Hausa kai tsaye a lokacin, sai CMS ta tura Miller da abokansa biyu, A. E. Richardson da J. C. Dudley Ryder, zuwa Tarabulus ta ƙasar Libiya domin su koyi Hausa. Zaɓen wannan gari ba a banza ba ne. Tarabulus ce ƙarshen hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano ya ratsa Sahara, kuma akwai Hausawa da yawa a can, fatake da alhazai da bayin da aka 'yanta. A bakin waɗannan mutane Miller ya fara jin harshen da zai yi fiye da shekara hamsin yana magana da shi, har ya zama ana lissafa shi cikin Turawan da suka fi kowa iya Hausa a zamaninsa.

A Tarabulus ɗin ne kuma ya haɗu da wani yaro ɗan Katsina mai suna Abdulmajid, wanda aka fi sani da Audu, wanda mahaifinsa ya rasu a kan hanyarsu ta zuwa aikin hajji. Yaron ya ci gaba da tafiyarsa har Makka, daga baya ya sake haɗuwa da Likita, ya zama ɗan gidansa kuma na hannun damansa, yana cikin Hausawan farko da suka karɓi baftisma a hannun wannan mishan. Ya kamata mu tsaya a nan mu yi tunani. Idan Bature ya bar gida ya zo wa'azi, danginsa suna alfahari da shi. Amma ɗan Katsina da ya je Makka ya dawo, sa'an nan ya ce ya bi Almasihu, ba shi da wani dangin da zai yi alfahari da shi. Tun daga farko, nauyin da ke kan ɗan ƙasa ya fi na baƙo.

Tafiyar Kano ta 1900

A ranar 1 ga Janairu 1900 Lugga ya kafa tutar Ingila a Lakwaja, ya yi shelar mulkin Turawa a kan Arewa, alhali kuwa Kano da Sakkwato da Katsina suna nan da ikonsu, ba wanda ya ci su da yaƙi tukuna. A cikin wannan watan ne ayarin mutum biyar ya tashi daga Legas: Bishof Herbert Tugwell a matsayin jagora, da Likita Miller, da Richardson, da Ryder, da J. R. Burgin. Suka ratsa ƙasar Yarbawa, suka haye Kwara a Jabba, suka nufo arewa. A Zariya Sarkin Zazzau Kwasau ya karɓe su da fuska, amma zuciyarsu tana Kano, don haka suka wuce. Sun isa birnin Dabo a watan Afrilu, bayan tafiyar wata uku.

Sarkin Kano Aliyu Babba, wanda aka fi sani da Alu, bai yi maraba da su ba, kuma idan muka yi adalci ba abin mamaki ba ne. Sarki ne da ya ga sojan Turawa suna matsowa daga kudu, sai ga wasu Turawa sun shigo masa gari ba da izninsa ba, suna cewa sun zo koyarwa da ba da magani. Ya ba su kwana uku su bar masa ƙasa. Suka juya suka koma ƙasar Zazzau, suka yada zango a Girku, kudu da Zariya, inda akwai sansanin soja. A nan atuni ya kama Ryder ya rasu, aka binne shi a wurin. Richardson ya kwanta ciwo har aka mai da shi Ingila. Daga baya wuta ta cinye bukkokin da suka gina. Lugga, wanda tun farko bai so tafiyar ba, ya umarce su su ja da baya, suka sauka Loko a bakin Binuwai a 1901.

Mu da muka ci gajiyar abin da ya biyo baya, bai kamata mu mai da wannan tafiya tatsuniyar jarumai ba. Akwai ƙarfin hali a cikinta, akwai kuma gaggawa da rashin sanin halin da ƙasa take ciki, har aka rasa rai. Wanda ya shiga gidan mutane ba sallama, ko da alheri ya zo da shi, ba zai yi ƙorafi ba idan aka nuna masa ƙofa. Abin da ya sa muke tunawa da Miller ya zo ne bayan wannan, lokacin da ya koyi yin sallama, ya koyi zama.

Durumin Maigarke

A 1902 Likita ya dawo ƙasar Zazzau. A cikin abokan aikinsa na waɗannan shekaru akwai G. P. Bargery, wanda daga baya ya wallafa babban ƙamus na Hausa a 1934, da kuma Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa. Kano ta faɗa hannun Turawa a watan Fabrairu na 1903, aka kama Sarki Alu aka kai shi zaman gudun hijira, ya ƙare kwanakinsa a Lakwaja. A Zariya kuma aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. A zamaninsa ne, a 1905, aka ba Miller wurin zama a cikin birni, a unguwar Durumin Maigarke. Nan ya zauna shekara ashirin da huɗu.

Abin da ya bambanta wannan zama shi ne, sauran Turawa suna can bariki a bayan gari, da masu gadinsu da dokokinsu na nisantar 'yan ƙasa, shi kuwa yana cikin ganuwa, maƙwabcin malamai da masu sana'a, yana shan ruwan da suke sha, annobar da ta same su ita ke samunsa. Ya buɗe ɗakin shan magani inda yake duba kowa ba tare da tambayar addininsa ba. Ya buɗe makaranta a cikin gidansa. Ya ɗauki yara marayu da waɗanda aka ƙwato daga hannun masu cinikin bayi, ya rene su kamar 'ya'yan cikinsa, har wasu suka ɗauki sunansa. Bai yi aure ba har ya bar duniya. Waɗannan yara su ne iyalinsa.

Ya kasance mai ƙwazo wajen yaɗa rubutun boko, domin yana ganin shi ne zai sauƙaƙa wa talaka karatu da buga littattafai. A 1906 ya tsara wa Lugga shirin makarantar 'ya'yan sarakuna da ta malamai, amma Lugga ya bar Arewa a wannan shekarar, wanda ya gaje shi kuma, Girouard, bai yarda a sa ilmin 'ya'yan Musulmi a hannun ɗan mishan ba. Aka ba Ɗan Hausa aikin a ƙarƙashin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909.

A nan ne za mu gane irin tsaka-mai-wuyar da Likita ya zauna a ciki. Mutane da dama suna zaton ɗan mishan da jami'in mulkin mallaka abu ɗaya ne, amma a masarautun Arewa ba haka abin ya kasance ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za a taɓa addininsu ba, kuma sun dogara da sarakunan wajen karɓar haraji da riƙe ƙasa. Saboda haka suka hana wa'azi a kasuwa da kan titi, suka taƙaita inda ɗan mishan zai je, kuma shekara da shekaru suna neman dabarar fitar da Miller daga cikin birni. Shi kuma bai iya ganin zalunci ya yi shiru ba. Talakawa sukan kawo masa kuka a kan ƙwace da duka da sayar da mutane a ɓoye, shi kuma ya rubuta wa Razdan, ya matsa sai an bincika. Wannan ya jawo masa ƙiyayyar fada da ta bariki a lokaci guda. Rahotanninsa suna cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarki Aliyu Ɗan Sidi a 1920.

Ba za mu ɓoye ba cewa 'yan uwanmu Musulmin Zazzau suna kallon wannan al'amari da wani ido dabam. Sarki Aliyu malami ne kuma shahararren marubucin waƙoƙi wanda har yau ake karanta ayyukansa, ya kuwa rasu a Lakwaja nesa da gida. Likita yana da kaifin harshe, ya yi wa sarautar Fulani kuɗin goro a rubuce-rubucensa, ya kuma goyi bayan cin ƙasar da Turawa suka yi domin yana ganin haka ne zai kawo ƙarshen bauta. A cikin zuriyarmu akwai gidaje da yawa da suke da Kirista da Musulmi ciki ɗaya, kuma ba za mu yi musu adalci ba idan muka ce duk abin da Likita ya faɗa daidai ne. Abin da ba a iya musantawa shi ne bai nemi dukiya ko muƙami da abin da ya yi ba, kuma ya san cewa kowace takarda da ya aika tana ƙara kusantar da ranar da za a kore shi.

Waɗanda suka fi shi ɗanɗana kuɗarsu su ne 'yan ƙasa da suka ba da gaskiya. Ba su da yawa. Bayan shekaru masu tsawo ana iya ƙirga su ba wahala. Amma kowane ɗayansu ya san abin da ke jiransa ranar da ya shiga ruwan baftisma: gado ya tafi, mai yiwuwa mata da 'ya'ya su tafi, a ware masa ƙwaryar cin abinci, ƙofar aikin En'e ta rufe. Irin su Audu da Malam Fate ba su da jirgin da zai kai su Ingila hutu. Sun ci gaba da bin lungunan da aka san su, suna gaisawa da waɗanda suka juya musu baya, suna zuwa ta'aziyya da barka. Irin wannan jaruntaka ba ta da ranar tunawa, amma a kanta aka gina Wusasa.

Isawa da Makokin Gimi

A 1913 wani abin da Likita bai zata ba ya faru. Wasu mutane suka zo masa daga ƙauyukan da ke kan iyakar Zazzau da Kano, suka ce su Isawa ne. Asalinsu almajiran wani malamin Kano ne mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga ɗaukaka matsayin Annabi Isa fiye da yadda malaman zamaninsa suka yarda. Tarihi ya riƙe cewa an kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867, a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, saboda ya ƙi janye koyarwarsa. Mabiyansa suka watse zuwa Ningi da wasu wurare, suna riƙe da abin da ya bar musu, suna jiran ƙarin bayani a kan Isa. Ashe tun kafin a haifi Miller akwai Bahaushen da ya ba da ransa a Kano saboda sunan nan, ba tare da ya taɓa ganin ɗan mishan ba.

Wasu daga cikin Isawa suka karɓi bishara, aka samar musu wurin zama a Gimi a 1914, ƙarƙashin kulawar Rabaran W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karibiyan. Suka yi gonaki, suka gina majami'a da makaranta, har aka fara ganin kamar mafarkin ƙauyen Kirista Hausawa ya tabbata. Sai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa, ya faɗa musu. A lokacin ba a da sahihin maganinsa. Cikin 'yan shekaru ya kashe da yawa daga cikin mutanen, dole aka tashi daga garin, aka kwaso yaran da suka tsira zuwa makarantar Zariya. Ga likita, ba abin da ya kai wannan ciwo: mutanen da suka amince da kai suka baro gidajensu, su mutu a gabanka kana kallo. Duk da haka bai tattara kayansa ba, waɗanda suka tsira kuma ba su koma da baya ba. Daga cikin zuriyar Isawa ne Malam Bulus Audu ya fito, mahaifin Farfesa Ishaya Audu.

Ƙaura Zuwa Wusasa da Komawa Kano

A ƙarshen shekarun 1920 matsin lambar gwamnati ya yi ƙarfi, gidan Durumin Maigarke kuma ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan. Sababbin ma'aikatan da suka zo daga Ingila, ƙarƙashin Rabaran Guy Bullen, suka amince a ƙaura. A 1929, zamanin Sarkin Zazzau Ibrahim, aka koma fili a bayan ganuwa, a gindin dutsen Wusasa. Aka gina Majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, bisa tsarin ginin Hausa, aka kafa makaranta da Asibitin St. Luke. Abin da ya kamata kowane ɗan Wusasa ya sani shi ne, Likita Mila bai so wannan ƙaura ba. A ganinsa fita daga birni yana nufin raba masu bi da danginsu, a mai da su baƙi a ƙasar haihuwarsu. Garin da muke alfahari da shi an haife shi ne daga shawarar da ta karya masa zuciya.

Maimakon ya zauna yana gunaguni ko ya raba kan jama'a, sai ya bar wa matasa ragama ya koma Kano. Kanon da ya tarar ba wadda ya bari a 1900 ba ce. Jirgin ƙasa ya iso tun 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, an kafa Sabon Gari domin baƙi daga kudu, Fagge kuma, tsohon zangon fatake, ta cika da 'yan Arewa masu neman sana'a. Ba a yarda da aikin mishan a cikin ganuwa ba, don haka zamansa a waje ya kasance. Majami'ar Anglikan ta Hausa da ke Fagge ta samo asali ne a farkon shekarun 1930, wato a daidai wannan lokaci.

A Kano ya duƙufa kan fassarar Littafi Mai Tsarki. Ba shi ne ya fara ba, domin tun 1880 J. F. Schön ya fitar da Sabon Alkawari da Hausa, amma Schön bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba, Hausarsa kuma ba ta sauka sosai a kunnen Bahaushe. Miller ya yi shekaru yana wannan aiki tare da Hausawan da ke gidansa da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan kamar SIM da SUM, suna auna kowace kalma. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Amfaninsa ya wuce ƙasar Hausa nesa, domin a Filato da Kudancin Zariya da Adamawa da Bauci da ƙasar Nijar, kabilu masu harsuna dabam-dabam sun sami littafi ɗaya da za su karanta tare. Wannan fassara ta yi kusan rabin ƙarni a hannun masu bi kafin a fitar da sabuwa. Mutumin da aka ba kwana uku ya bar Kano, a Kano ya ƙarasa aikin da ya fi kowane aikinsa tsawon rai.

Ƙarshen Rayuwarsa da Abin da Ya Bari

A 1935 ya ajiye aiki da CMS, ya tafi Ingila, inda ya wallafa littafinsa Reflections of a Pioneer a 1936. Amma zaman can bai karɓe shi ba, ya sake dawowa Nijeriya, daga ƙarshe ya zauna a Bukuru kusa da Jos. Ko da tsufa ya kama shi bai daina rubutu a kan halin talaka ba. A 1947 ya fitar da Have We Failed in Nigeria?, inda ya tuhumi mulkin 'yan ƙasarsa. Allah ya ja kwanansa har ya ga 'yan Arewa Musulmi sun ɗauki wannan magana da bakinsu: a watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyaran mulkin En'e a majalisar Kaduna, a cikin watan kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Sabon Garin Kano. Likita Mila ya rasu a Bukuru a 1952 yana da shekara 80, aka binne shi a Jos.

Idan da yawan waɗanda ya yi wa baftisma za a auna shi, sai a ce bai yi nasara ba. Amma a dubi abin da ya tsiro daga 'yar makarantar nan. Likita R. A. B. Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya yi karatu a Birmingham ya zama likita na farko daga Arewa, ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa a farkon kafa ta, wadda yawancin 'ya'yanta Musulmi ne, ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya daga 1967, kuma babban asibiti a Kaduna yana ɗauke da sunansa. Farfesa Ishaya Audu ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya zama ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Malam John Tafida ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East. Janar Yakubu Gowon, wanda ya shugabanci ƙasa daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa Malam Yohanna ya zo aikin bishara. Ban da waɗannan akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu haɗa magunguna, maza da mata, da suka bazu ko'ina a Arewa tun lokacin da masu irin wannan ilmi ba su da yawa.

Abin da Ya Rage Gare Mu

Mu da muke zaune a birane mun san cewa tsoron da Likita ya yi a 1929 bai zama banza ba. Bahaushe Kirista yakan tsinci kansa tsakanin gida biyu: a Sabon Gari a ga rigarsa da hularsa a ɗauke shi wani, a cikin gari a ji sunansa na baftisma a ɗauke shi wani. Mazauna Kano ba su manta da Oktoba ta 1982 ba, lokacin da saɓani a kan sake gina majami'ar Fagge kusa da masallacin Juma'a ya kai ga ƙona majami'u a Sabon Gari, haka kuma rikicin Oktoba ta 1991. Gida ma bai tsira ba a tarzomar Maris ta 1987, wadda ta taso daga Kafancan ta iso Zariya da Wusasa. Bayan kowace irin wannan fitina, jarabar da ke zuwa iri biyu ce: ko mutum ya ɓoye bangaskiyarsa don ya zauna lafiya, ko ya janye jikinsa daga maƙwabta ya ƙulla gaba.

Tarihin Durumin Maigarke ya nuna mana cewa iyayenmu ba su ɗauki ko ɗaya daga cikin biyun ba. Ba su ɓoye abin da suka gaskata ba, ba su kuma daina zumunci ba. Ƙarfin halin da ake bukata a wurinmu yawanci ba na tsayawa gaban sarki ba ne. Shi ne na ɗan kasuwar da ya ƙi tauye mudu ko da abokan sana'a sun yi masa dariya, da ma'aikacin ofis da ya ƙi sa hannu a takardar ƙarya ko da ƙarin girma zai wuce shi, da ma'aikaciyar jinya da ke duba majiyyaci ba tare da duba sunansa ba, da maigidan da ya buɗe ƙofarsa ga maƙwabcin da ake bi ranar tarzoma, ko wane addini yake yi. Mun san kuma cewa a irin waɗannan ranaku akwai Musulmin da suka ɓoye Kirista a ɗakunansu, kuma bashin wannan alheri yana wuyanmu. Daga kurakuran Likita ma akwai darasi: gaskiya ba ta bukatar zagi, kuma wanda yake so a saurare shi sai ya fara girmama mai sauraro.

A ƙarshe muna kira ga 'ya'yan wannan ƙungiya a duk inda suke da abu uku. Na farko, mu koya wa 'ya'yanmu Hausa, karatu da rubutu, domin abin kunya ne a ce Bature ya ƙare ƙuruciyarsa yana fassara mana Littafi, jikokinmu kuma su kasa karanta shi. Na biyu, mu tuna da makaranta da asibitin gida a cikin gudummawarmu ta shekara, domin su ne gadon da aka bar mana, kuma ba Kirista kaɗai suke yi wa amfani ba. Na uku, duk wanda yake da tsoho a gida ya zauna da shi ya rubuta abin da ya sani game da Gimi da Durumin Maigarke da farkon Wusasa, ya aiko wa kwamitin wannan mujalla, tun kafin ƙasa ta rufe sauran masu labarin.

Allah ya sa mu gama lafiya kamar yadda magabatanmu suka gama, ya ba garinmu da jiharmu da ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya mai ɗorewa. Amin.